Yadda Ake Magance Zafin Inji a Ƙaramar Motar da Aka Ƙera a Gida

Matasan da ke ƙera ƙananan motoci a shagunan walda na Gombe, ko a Jekadafari ne ko a Pantami, kusan dukansu wuri ɗaya suke cin tuntuɓe. An yanka bututu, an haɗa shasi, an ɗora injin babur a baya, an rufe shi da bodi har da fenti. Mota ta tashi, 'yan unguwa sun fito kallo. Amma da an yi tafiyar minti 15 ko 20 sai ƙarfi ya fara raguwa, warin ƙonannen baƙin mai ya taso, inji ya riƙa ƙara kas-kas in an taka masa, daga nan ya mutu ya ƙi tashi sai ya huce. Wanda ya dage a haka, ƙarshenta fistan ne zai kama, a koma sayen ringi da silinda.

Ba injin ne mara kyau ba. Daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke isa taya a irin waɗannan ƙananan injuna bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran duk zafi ne, wani ya bi salansa ya fita, wani ya zauna a jikin ƙarfe yana jiran iska ta kwashe shi. Injin Boxer ko Jincheng ko Haojue an yi shi ne ya zauna a fili tsakanin ƙafafun mai tuƙi, iskar gudu tana dukansa. Ba shi da fanka, ba shi da ruwa. Haƙarƙarin nan da ke jikin silinda da kan silinda, wato siraran layukan ƙarfen da suka fito waje, su ne babban abin da yake hucewa da su. Kai kuma ka ɗauke shi ka kulle a akwati bayan kujera, ka ɗora masa nauyin da ya fi wanda aka yi shi dominsa, kana kuma tafiya a hankali. Ga shi a Gombe rana kan kai digiri 40 a Maris da Afrilu, iskar ma da ake so ta sanyaya shi da zafinta take zuwa.

Yawancin masu wannan aiki da sun ga haka sai su ruga sayen fanka. Fanka tana da ranarta, za mu zo kanta, amma akwai abubuwa uku a gabanta, kuma biyu daga cikinsu ba sa cin kuɗi sosai.

Fara da awo

Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Injin iska, wato wanda iska ke sanyaya shi, ko da lafiyarsa ƙalau zai ƙona ka in ka taɓa shi, don haka "yana zafi" ba ta isa hujja ba. Nemi lamba.

Hanya mafi sauƙi ita ce mitar da masu gyaran waya da rediyo ke amfani da ita. Da yawa daga cikin mitocin nan suna zuwa da wata siririyar waya ta auna zafi. Ka kwance fulogi, ka maƙala bakin wayar a wata 'yar zoben tagulla, ka sa ta ƙarƙashin washar fulogin ka ɗaure, ko kuma ka matse ta ƙarƙashin noti mafi kusa da fulogin. Sai ka ja wayar zuwa inda idonka zai riƙa ganin mitar kana tafiya. Akwai kuma ma'aunin nan mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa. Amma ka kula, wanda aka riƙa haska wa mutane a goshi lokacin korona ba zai yi ba, don an yi shi ne domin zafin jiki. Na masu aikin inji ake so, wanda ke kaiwa digiri 300 ko fiye. Shi kuma yana ƙarya a kan alminiyam mai sheƙi, yakan nuna ƙasa da gaskiya, saboda haka ka ɗiga ɗan baƙin fenti a kusa da fulogi, kullum can za ka riƙa haskawa.

Ga abin da za ka sa rai a ma'aunin Selsiyus. A gindin fulogi, injin iska yakan zauna tsakanin 150 da 200. In ya haura 220 kuma bai daina hawa ba, tsaya. Baƙin mai kuwa tsakanin 80 da 110 lafiya lau ne, amma in ya daɗe sama da 120 yakan tsinke ya kasa riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ana auna shi a jikin gindin inji, wajen notin juye mai.

Zaɓi hanya ɗaya da za ta zama filin gwajinka, mai ɗan hawa, wadda ba cunkoso. Ka bi ta da azahar, da nauyin da motar za ta riƙa ɗauka kullum, ka rubuta lamba duk bayan minti 5. Wannan takardar ita ce za ta gaya maka ko gyaran da ka yi ya yi amfani ko asarar kuɗi ce.

Rage zafin tun daga tushe

Kashe inji, sa giya a firi, ka tura motar da hannu a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Ya kamata mutum ɗaya ya tura ta ba tare da nishi ba. In sai an taru, to akwai abin da ke riƙe ta: birki ne ke shafa, ko tayoyin gaba ba su kalli waje ɗaya ba, ko kaca ta yi tauri, ko iskar taya ta yi ƙasa. Duk ƙarfin da inji zai ɓata wajen kokawa da waɗannan, zafi yake komawa.

Sai nauyi. Masu walda suna da sha'awar ƙarfe mai kauri, gani suke shi ne inganci. Boxer gaba ɗayansa bai wuce kilo 110 zuwa 125 ba. Ka lissafa shasinka da bodi da kujeru da mutum biyu, ka ga ninki nawa ka ɗora wa injin. Duk inda kwano mara kauri zai wadatar, cire farantin ƙarfe ka sa shi.

Abin da ya fi waɗannan duka tasiri shi ne sifiroket, farantin nan mai haƙora da kaca ke hawa. Wanda ya bar lissafin babur yadda yake a kan mota mai nauyi, injinsa zai riƙa gurnani a ƙasa-ƙasa, an buɗe masa mai sosai amma ba ya juyawa da sauri. Babu yanayin da ke dafa inji kamar wannan. Maganin shi ne ƙara girman sifiroket na baya. Misali, in na gaba haƙora 14 ne na baya 42, inji zai juya na gaba sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka mai da na baya 56, ya zama sau 4. Gudunka zai ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin ja ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Na san matashi ba ya son jin an ce a rage gudu, amma a ganina motar da za ta hau daga cikin gari zuwa Tumfure ba tare da ta tsaya shan iska ba ta fi wadda ke tsere a gangara. Haka kuma tayar baya in ta cika girma, daidai take da ƙaramin sifiroket na baya.

Daga nan koma kan kafireto. Mai in ya yi ƙaranci a cikin iskar da inji ke zuƙa, wutar takan fi zafi. Fulogi ne zai faɗa maka gaskiya: bayan tafiya mai ɗan nisa, ka bari ya huce ka kwance shi. Launin ƙasa-ƙasa alamar daidai ne, baƙi mai ya yi yawa, fari fat ko toka-toka kuwa mai ya yi kaɗan, kuma shi ne abin tsoro. Abubuwa biyu ke yawan jawo shi a motocin gida. Na farko, robar da ke tsakanin kafireto da inji ta tsage ko ba a ɗaure ta da kyau ba, iska tana satar hanya. Na biyu, an cire matatar iska an kuma yanke salansa don a ji ƙara. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin ban da ƙarancin mai, ƙurar hunturu ma za ta shiga ta cinye ringi. Mai da matata wurinta. In dole sai ka canza salansa, a ƙara girman babban jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto, da lamba ɗaya ko biyu, a sake duba fulogi.

Shi kansa fulogin a sa irin nasa. A lambobin kamfanin fulogi na NGK, C7HSA na injunan nan ne masu kwantaccen silinda, D8EA na irin babur CG mai tsayayyen silinda, BPR6ES kuma na injin GX160 na famfon ban ruwa ko niƙa da ire-irensa. A wurinsu, ƙaramar lamba tana nufin fulogi mai riƙe zafi, don haka kada a ba ka na ƙasa da naka a ce ai duk ɗaya ne. Bawul ma a duba shi inji yana sanyi. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a daidai lokacin da ya zauna a mazauninsa, in an matse shi ba ya zama sosai sai ya ƙone. A GX160 ratar ita ce milimita 0.15 a na shiga, 0.20 a na fita. Na babur kuwa a bi abin da kamfaninsa ya rubuta.

Ba iska hanya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ka tuna ɗaki mai ƙofa ɗaya ba taga a tsakiyar bazara: ko ka wangale ƙofar, iska ba ta ratsawa, don ba ta da ta inda za ta fita. Akwatin inji ma haka ne. Abu uku ake bukata, mashiga, mafita, da abin da zai tilasta wa iskar bin cikin haƙarƙarin a tsakaninsu.

Kafin ka yanka komai, gano inda iska take bi a jikin motarka. Yanka zare guntu-guntu kamar tsawon yatsa, ka manna su da salatif a gefen bodi, a saman murfin inji, da ciki kusa da silinda. Wani ya bi ka a babur yana ɗaukar bidiyo da waya. Inda zare ya kwanta ya miƙe baya, iska tana gudu sosai. Inda yake rawa ko ya juyo gaba, iska tana kewaye ne kawai. Za ka ga bayan kujera, inda mafi yawa ke ajiye inji, kusan babu iska ko kaɗan. Kada ka gwada da hayaƙin turare ko na maganin sauro, akwai fetur a wurin.

Mashiga a yi ta inda zare ya miƙe, galibi a gefen mota ko a sama, a yi mata baki mai fuskantar gaba wanda ya ɗan fito daga jikin bodi domin ya kamo iska. Ga injin cc 100 zuwa 200, shawarata kada bakin ya gaza santimita 15 a 20. Kada ka kai ta ƙasa sosai, saboda kwalta da azahar tana da nata zafin, ga yashi, ga ruwan damina. Daga bakin sai ka ja hanyar kwano zuwa inji, gajeriya gwargwadon iko, kwana kuma a lanƙwasa ta a hankali. Kowace kwana mai kaifi tana cinye wani kaso na iskar.

Mafita ta fi mashiga girma, domin iska in ta ɗau zafi takan kumbura. Ka ba ta kamar ninki ɗaya da rabi na mashiga, a bayan mota ko a saman murfi ta can baya, inda iskar gudu ke jan abin da ke ciki waje. Ka tabbata mafitar ba ta kusa da mashiga, in ba haka ba a tsaye ko a gosulo inji zai riƙa sake shaƙar zafin da ya fitar. Da yawa daga cikin motocin da ke zafi, da za a cire farantin bayan nan da aka rufe don ado a sa raga, da rabin matsalar ta tafi.

Yanzu sai rigar inji. Iska ba ta son matsi, in ta sami fili a gefe can za ta bi ta bar haƙarƙarin. Don haka ake yi wa silinda riga ta kwano da za ta rungume shi. Fara da kwali. Inji yana sanyi, ka yanka kwali ka lanƙwasa shi a jikin silinda da kan silinda, ta yadda zai karɓi iska daga hanyar da ka ja, ya bi da ita ta gefe biyu, ya sake ta ta baya. Ka yi ta gyara har ya zauna, sannan ka kai wa fanel bita ya fitar da shi a kwano ko alminiyam mara kauri. Ratar da ke tsakanin rigar da bakin haƙarƙari kada ta wuce milimita 5. Iskar ta fara sauka a ɓangaren da salansa ke fita da kewayen fulogi, don can ne ya fi ko'ina zafi. Ka lura da yadda haƙarƙarin suka kwanta, iska ta bi tsawonsu, kada ta buge su a gicciye. Wanda ya juya inji ya zaunar da shi a karkace don kaca ta yi daidai, sau da yawa nan yake kuskurewa.

Inji yana girgiza, bodi kuma a tsaye yake, saboda haka kada ka yi waldar rigar da bodi. Ɗaure rigar a jikin inji da noti, ka haɗa ta da hanyar iska da guntun robar tib ɗin mota a ɓangaren sanyi. Bar ƙofar da hannu zai kai ga fulogi.

In injinka na famfon ban ruwa ne ko na niƙa, irin GX160 ko GX200, ko kuma na Keke Napep, ka huta da rabin wannan wahala, domin da fankarsa da rigarsa yake zuwa. Naka kawai kada ka cire ko ɗaya daga cikin kwanukan nan da ke kewaye da silinda, ko da kana ganin ba su da amfani. A GX, ta wajen da ake jan igiya iska ke shiga, to wannan fuskar ta kalli iskar waje, ko ka ja mata hanya ta kanta, ka raba ta da ɓangaren zafi da farantin kwano. Fankarsa a jikin fulawil take, wato farantin nan mai nauyi da ke juyawa tare da inji, da saurin inji take juyawa, shi ya sa barinsa yana gurnani a ƙasa ke cutar da shi ta fuska biyu. An saita shi a juyi 3,600 a minti. Kada a cire masa gwamna, wato abin da ke hana shi wuce wannan juyin, don neman gudu, fulawil ɗinsa ba a yi shi don fiye da haka ba. Wanda bai riga ya sayi inji ba, ni dai ɗaya daga cikin waɗannan zan ce ya nema.

Kafireto ma ya sha iskar waje. Ja masa tiyo zuwa wuri mai sanyi, kada ya riƙa zuƙar tururin akwatin inji.

Sai fanka

Injin babur a tsaye ko a tafiyar hawainiya ba shi da iskar gudu, komai kyan hanyar da ka yi. Nan fanka ke shigowa, a cikin hanyar iskar, daf da rigar, an rufe kewayenta yadda iska ba za ta zille ba. Fankar da aka rataye a fili tana kaɗawa ba abin da take yi sai shan batir.

Matsalar ita ce wuta. Fankar lagireton mota tana jan amfiya 8 zuwa sama, batirin babur kuwa na amfiya 5 zuwa 7 ne a awa, kuma abin da koyil ɗinsa ke mayarwa kaɗan ne. Ko awa ɗaya ba za a yi ba batir zai kwanta. Nemi ƙaramar fankar lagireton babban babur ko ta keken kaya mai ruwa a wurin masu kayan gwanjo, wadda ba ta wuce amfiya 2 zuwa 4 ba. Fankar kwamfuta kada ma ka ɓata lokaci a kanta.

A haɗa ta ta rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa huɗu. Daga batir waya ta bi ta fiyus na amfiya 10 zuwa ƙafa mai lamba 30, daga 87 zuwa fanka, 86 zuwa makulli, 85 kuma zuwa makunni sannan ta sauka a jikin shasi. Bayan an haɗa, ɗora mita a kan batir, ka ba inji wuta fanka tana aiki. In lamba ta tsaya sama da bolt 13, caji yana wadatarwa. In tana gangarowa ƙasa da 12.5, fanka ta fi ƙarfin koyil, sai a mai da fitilu na LED a rage nauyi, ko a nemi ƙaramar fanka. Ka sa takarda a gabanta ka ga ta ina take turawa, don in rewaya ya juya wayoyi biyun nan, baya za ta juya.

Akwai kuma fankar da inji ke juyawa da kansa ta hanyar fuli da bel. Ba ruwanta da batir, kuma da ƙaruwar aiki take ƙara iska. Ita ce ta fi ɗorewa in akwai mai injin sassaƙa ƙarfe da zai fitar maka da fuli daidai. Sharaɗinta ɗaya ne, a rufe ta ruf da raga. Hannun riga, mayafi ko hijabin fasinja in bel ya kama, ba ya saki.

Salansa, tanki da baƙin mai

Salansa ya fi komai zafi a cikin akwatin nan, don haka a fitar da shi waje ta hanya mafi kusa, bakinsa ya ƙare a bayan mota. Inda dole ya wuce kusa da silinda, kafireto ko waya, a sa farantin alminiyam a tsakani, da ratar santimita 1 zuwa 2 ta kowane gefe. Ratar ce ke aikin, in farantin ya manne da salansa shi ma zafi zai ɗauka. Tankin fetur kada ya zauna a saman inji ko salansa, tiyon mai kuma a ɗaure shi nesa da su. Tsakanin inji da kujera a sa bangon kwano wanda ba shi da ɓula, saboda wuta da kuma hayaƙin da ke sa jiri ba tare da an ji warinsa ba.

A injin iska, baƙin mai yana ɗaukar kaso mai yawa na zafin, ga shi kuma ɗan kaɗan ne: kusan lita ɗaya a babur, lita 0.6 a GX160. Duba shi kowace safiya. A yanayinmu 20W-50 na galan ko kwalba mai hatimi ya dace, a guji na awo wanda ba a san asalinsa ba, a kuma riƙa juye shi da wuri fiye da yadda ake yi wa babur. Gindin inji ma ya sami iska. Akwai ƙaramin lagireton mai da ake ɗaura wa wasu injunan babur masu famfon mai, yana taimakawa. A GX ba zai yi ba, domin shi ba famfo gare shi ba, watsa man ake yi a ciki.

Haƙarƙarin da laka da maiƙo suka toshe ba sa fitar da zafi. A wanke su da kananzir da buroshi inji yana sanyi, kada kuma a lafta musu fenti mai kauri. Al'adar nan ta fasa ledar fiya wata a kan inji mai zafi, don Allah a bar ta. Kan silinda alminiyam ne, sanyin farat ɗaya yana lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. In inji ya yi zafi a hanya, nemi inuwa, buɗe murfi, ka jira.

In injinka mai ruwa ne

Masu amfani da injin keken ɗaukar kaya mai lagireto, dokar iska ba ta canza ba: mashiga, mafita, da rufe kewayen lagireto da kwano ko soso don iska ta ratsa cikinsa. Fanka ta zauna a bayansa tana zuƙowa, ta fi aiki a haka.

Murfin lagireto shi ne zai zama wuri mafi tsayi a duk hanyar ruwan. Tiyon da ya fito daga kan silinda ya shiga ta sama, na ƙasa ya koma famfo, kuma kada wani tiyo ya yi tozo a tsakiya, don nan iska ke maƙalewa ta tsai da ruwa. In lagireto yana gaba inji yana baya, a yi doguwar tafiyar da bututun ƙarfe, a sa tiyo da kilif a gaɓoɓi kawai. Wajen cikawa, ɗaga ɓangaren da murfi yake, zuba ruwa a hankali, tayar da inji murfi a buɗe, ka riƙa matsa tiyo har kumfa ya daina fitowa. A zaunar da lagireton a kan roba, girgiza tana fasa shi.

Murfin nan ba marufi kawai ba ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lamba 0.9 ko 1.1 yana riƙe matsi ya kai tafasar wajen 120. Wanda robarsa ta mutu, ko aka toshe da tsumma, motarsa za ta yi ta amai ko da komai nata lafiya ne. A sa masa 'yar gorar da rarar ruwa ke shiga ta dawo. Kuma ba a buɗe shi inji yana da zafi.

Ruwan da za a zuba, duba gindin butar shayin gidanku. In akwai farin ɓawo, ruwan rijiyar ko burtsatsen nan haka zai yi a cikin siraran bututun lagireto. Yi amfani da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ka tabbatar ba mai asid ba ne, ko ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. A gauraya kashi biyu na ruwa da kashi ɗaya na ruwan lagireto mai kauri domin hana tsatsa. Wanda aka riga aka gauraya tun daga kamfani kuma a zuba shi yadda yake. Guba ne, ga shi da zaƙi, a ɓoye shi daga yara da awaki.

Kanikawa da yawa za su ce maka a cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗau ɗumi, wai na ƙasashen sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma, kuma da asubar hunturu inji zai daɗe bai ɗau ɗumin aiki ba. Gwada shi kawai: jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya buɗe tun kafin ruwan ya tafasa, a daidai lambar da ke rubuce a jikinsa. In ya buɗe, mai da shi. In ya ƙi, sayi wani. Haka maganar haɗa fanka dairek, a ƙaramin caji irin wannan batir za ta kashe. A sa mata makunnin zafi, a ƙara wani na hannu saboda gosulo.

Koma filin gwaji

Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, sannan a koma hanyar nan, lokaci iri ɗaya, nauyi iri ɗaya. Abin da kake nema a takardarka shi ne lamba ta hau ta tsaya. In ta kai 185 ta yi ta yawo a nan har minti 30, ka ci nasara. In tana ƙaruwa a hankali ba tsayawa, ko da ba ta kai haɗari ba tukuna, har yanzu zafin da ke shiga ya fi mai fita, kuma doguwar hanya za ta tona asiri. Bayan haka ka gwada ta a tsaye na minti 10 inji yana aiki, don nan ne za a gane fanka da mafita. Gwajin da aka yi a sanyin Disamba a maimaita shi a Afrilu. Hawa mai tsanani irin na Tula kuwa a bar shi sai an gama da komai, an kuma tabbatar da birki.

A bakin mashiga a sa raga mai manyan idanu, kamar santimita ɗaya. Ragar sauro ba ta yi, tana tare iska kuma ƙura tana toshe ta cikin 'yan kwanaki. Leda ɗaya in ta manne a bakin nan ta isa ta dafa inji, saboda haka a leƙa shi kafin a tashi, musamman bayan an ratsa kasuwa. Lokacin kaka ƙaiƙayi da ganyen harawa sukan taru a cikin rigar inji, da hunturu kuma ƙura, don haka duk sati biyu a kwance rigar a hura da iskar mai faci. Na lagireto a hura daga baya zuwa gaba, da iska mara ƙarfi, don kada siraran ganyensa su lanƙwashe.